Gidan tarihin jami'a mai ɗaki biyu: ya kai in kwashi yara in kai su?

Kawun_Yara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar gidajen tarihi. Satin da ya wuce na raka ƙanina jami'ar da yake karatu zai karɓi wasu takardu, aka ce mai sa hannun sai nan da awa ɗaya zai dawo, toh maimakon in zauna ina ta danne-dannen waya sai na hango wani ɗan allo a jikin bango an rubuta gidan tarihi na jami'a, da kibiya tana nuna ƙasan bene. Nace bari in leƙa in kashe lokaci.

Ƙofar ma a rufe take sai da na ƙwanƙwasa, wani dattijo ya buɗe ya kukkunna fitilu ya miƙo min littafin baƙi, wallahi wanda ya sa hannu kafin ni kwana 9 kenan da zuwansa. Ɗaki biyu ne da wani ɗan lungu. Na farkon akwai tukwane wasu ma fasassu, tsofaffin kuɗi, kayan saƙa, hotuna marasa kala na lokacin da aka kafa jami'ar da wata tsohuwar tafireta. Na biyun kuma ƙwarangwal ne da tsuntsaye a tsaye kaman masu rai, macizai a cikin kwalabe, ƙwari an soke su da allura an jera, sai duwatsu birjik. Ga wani wari-wari kaman na asibiti. Minti 15 na gama zagayawa na fito, dama na ɗaga waya zan ɗau hoto filasha ta haska dattijon yace in kashe ta, sai duk naji kunya ta kama ni.

Yanzu ga tambayar. 'Ya'yan yayata su uku suna wajena hutu, ɗan shekara 7 da 'yar 10 da ɗan 13, kuma na riga na yi musu alkawarin fita. In kai su nan ɗin ko in bari sai an samu damar zuwa babban gidan tarihi? Ni dai ban ga abin da zai riƙe yaro ba, amma ƙila ni ne ban iya kallo ba. Sannan me ya haɗa tukunya da maciji a waje ɗaya? Kuma dabbobin nan na gaske ne ko na roba?

Tsohuwar_Ɗaliba

Wa alaikumus salam Malam. Kai ka bani dariya da minti 15 ɗin nan, nima haka na yi a shekarata ta farko, sai da na zo aji uku aka tura ni taya aiki a irin wannan wajen na tsawon semesta biyu sannan na gane ashe kallon tsoro kawai na yi masa.

Abin da ya kamata ka fara sani shine irin wannan waje ba don baƙi aka tara shi ba tun asali, kayan koyarwa ne. Malamin ilimin dabbobi yana buƙatar ƙashi ya ɗora a gaban ɗalibai, na ilimin ƙasa yana buƙatar dutse, na tarihi ya je haƙa ya dawo da fasassun tukwane, shekaru suna tafiya kaya suna taruwa a ofis-ofis har wata rana a ce a haɗa su a ɗaki ɗaya. Amsar tukunya da maciji kenan. Kuma tun farkon lamarin haka yake, gidan Ashmolean na jami'ar Oxford a Ingila da aka buɗe a 1683, wanda ake lissafa shi cikin na farko-farko a duniya, da tarkacen wani uba da ɗansa masu suna Tradescant ya fara, masu lambu ne da suka tara tsirrai da tsuntsaye da kayan mutanen ƙasashe daban-daban duk a haɗe. A cikin kayan nan akwai wata tsuntsuwa da ake kira dodo, ba dodon tatsuniya ba fa, tsuntsuwa ce ƙatuwa da ba ta tashi sama, a tsibirin Morishus kaɗai take kuma ta ƙare tun kafin shekarar 1700. Kanta da ƙafarta suna nan a Oxford har yau, kuma su ne kaɗai ragowar dodo da suka saura da fata a jiki duk duniya. Haka a jami'ar UCL ta Landan akwai gidan Grant, ɗaki ɗaya ne kusan, wani malami ya fara tara shi a 1828 don ɗalibansa, amma a ciki akwai ƙwarangwal ɗin kwaga, wani nau'in jakin dawa na Afirka ta Kudu mai zane a gaban jiki kawai, ta ƙarshe ta mutu a gidan dabbobi na Amsterdam a 1883, kuma ƙwarangwal ɗinta guda 7 ne aka sani a duniya. Toh ka ga ƙanƙantar ɗaki ba ta ce komai ba.

Maganar na gaske ko na roba, ya danganta. Tsuntsayen da ka gani a tsaye fatar da gashin na gaske ne, feɗewa ake yi a fitar da naman duka a gyara fatar a ɗora ta a kan wani abu da aka siffanta da ciyawa ko katako ko waya, idon kuma gilashi ne. Kuma dan Allah kar a taɓa su, saboda a da da sinadarin arsenik ake shafe cikin fatar don ƙwari kar su ci, guba ce kuma ba ta gushewa don an daɗe. Na cikin kwalba suma na gaske ne, ana fara jiƙa su a wani sinadari mai suna fomalin naman ya ƙame sannan a mayar cikin sifirit mai ƙarfin kusan kashi 70, shi yasa kalarsu take koɗewa su koma fari-fari ko ruwan ƙasa, warin da ka ji ma daga nan ne da kuma maganin ƙwari. Manyan ƙasusuwa na halittun da suka shuɗe su kam sau da yawa kwafi ne aka zuba a mazubi, in ka duba takardar jikinsu za a rubuta.

Takardar nan ita ce komai wallahi. Ni aikin da aka fara bani kenan, kwafe tsofaffin takardun jikin ƙwai zuwa kwamfuta, ƙananan rubutu da tawada ta koɗe, sunan tsuntsu, inda aka ɗauko, ranar da aka ɗauko, wanda ya ɗauko. Har na fara gunaguni nace wannan wace irin wahala ce, sai malaminmu ya bani labarin abin da ya faru a Biritaniya, shahuna suka riƙa raguwa ƙwansu yana fashewa a sheƙa ba a san dalili ba, sai wani masani Derek Ratcliffe ya bi gidajen tarihi da wajen masu tara ƙwai yana auna ɓawon tsofaffin ƙwai yana kwatantawa da sababbi, a 1967 ya fitar da sakamakon cewa ɓawon ya fara siranta ne daidai lokacin da aka fara feshin maganin ƙwari na DDT bayan yaƙin duniya na biyu. Da babu kwanan wata a jikin ƙwan nan da ba a gane ba. Daga ranar na daina raina ƙaramar takarda.

In ka ga wata lamba kaman 1964.7.3 a jikin abu, galibi ma'anarta shekarar da ya shigo, rukuni na nawa ne a shekarar, sannan shi na nawa ne a cikin rukunin. Ka faɗa wa dattijon lambar zai iya buɗe rajista ya gaya maka daga ina abin ya zo. Kuma abin da ke cikin gilashi kaɗan ne, mafi yawa suna sito a cikin durowa.

Filasha kuwa kar ka ji haushi, haske yana cin kalar tufa da takarda da gashin tsuntsu a hankali kuma in ta tafi ba ta dawowa, shi yasa ma ka tarar da fitilun a kashe.

Ba_Sani_Ba_Sabo

Hmm. Hajiya duk abin da kika faɗa gaskiya ne amma kin kawo misalin waɗanda ake kula da su ne. Ni na taɓa shiga wani a wata jami'a da ba sai na kama suna ba, rabin kwalaben ruwan ya ƙafe dabbar ta bushe ta manne a gindi, takardun bayanin gara ta cinye, akwatin malam-buɗe-littafi allurai ne kawai a tsaye da ɗan gari a ƙasa, ƙwari sun gama da su. Na tambayi wanda ke wajen wani abu yace shi mabuɗi kawai aka bashi. Toh in irin wannan ne Malam zai kai yara me zasu koya?

Matsalar gidan tarihin jami'a ita ce ba shi da uba, kasafin kuɗi in ya zo sai an gama da albashi da ɗakunan karatu da ɗakin gwaji sannan a tuna da shi in an tuna. Ba ƙanana kaɗai ba ma, babban gidan tarihi na Birazil da ya ƙone ranar 2 ga Satumba 2018 ai a ƙarƙashin jami'ar tarayya ta Rio de Janeiro yake, an kafa shi tun 1818, kaya kusan miliyan 20 a ciki, shekara 200 ana tarawa dare ɗaya wuta ta cinye mafi yawansu, ginin babu na'urar fesa ruwa, 'yan kwana-kwana sun zo famfunan kusa ba ruwan kirki. Ni shawarata ka fara komawa kai kaɗai ka gwada dattijon da tambaya biyu uku, in ya san kan kayansa sai ka kawo yara, in kuma mai riƙon mabuɗi ne kawai ka nemi wani wajen.

Malamar_Aji_Huɗu

Sannunku. Ɗan'uwa na sama yana da gaskiya a batun gwada mutumin, amma ni daga bayanin Kawu na riga na ga alama, mutumin da ya hana filasha kuma yake kashe fitila in ba kowa ai ya san abin da yake tsaro.

Ni na sha kai ɗalibai irin waɗannan wurare kuma in gaya maka gaskiya ƙaramin ya fi min babban in dai da yara ne. A babban sai ka wuni kana ƙirga kawuna kana kar ka ɓata kar ki gudu, su kuma sun gaji tun a zaure na uku ba abin da ya zauna musu. A ƙaramin kuwa kana tsaye waje ɗaya kana ganin kowa, ba layi ba turereniya, kuma mai kula da wajen yana da lokacinku.

Ka kira ko ka aika saƙo kafin ku je, wannan kar ka yi wasa da shi, domin da yawansu ranakun aiki kawai suke buɗewa, wasu ma sai an nemi izini, lokacin hutun semesta ko jarabawa kuma kana iya tarar da kwaɗo a ƙofa. In ka faɗi shekarun yaran tun da wuri wani lokacin sai a fito muku da kayan da aka ware don taɓawa, ɓawon dodon koɗi ne, dutse ne, ƙashin kwafi ne. Ka ba kowane yaro fensir da takarda, fensir fa ba biro ba, wurare da yawa ba sa son tawada kusa da kaya. Abin da nake yi shine in ce kowa ya zagaya sau ɗaya ya zaɓi abu ɗaya tak da ya fi burge shi ko ya fi bashi tsoro, ya zauna a gabansa ya zana. Za ka sha mamaki, yaron da ba ya iya zama minti biyu sai ya yi minti 20 yana ƙirga haƙarƙarin maciji saboda yana so zanensa ya fito daidai. Wata yarinya a ajina ta taɓa tsayawa a gaban wata fasasshiyar tukunya ta kira ni tace Malama ga yatsa, na duba ashe shatin babban yatsan maginin ne a bakin tukunyar inda ya danna yumɓun tun yana ɗanye, ta ɗora nata yatsan a jikin gilashi tana gwadawa, ranar har muka koma ba ta da zance sai wane ne shi, mace ce ko namiji, ya san za mu gani.

Ɗan shekara 7 ɗin ka kula da shi a wajen kwalabe, wasu yaran abin yana tsorata su, wasu kuma nan ne zasu maƙale. Kar ka tilasta. Kuma tambayar wa ya kashe su tana nan zuwa, ka shirya mata, ka faɗi gaskiya cewa wasu an kama su ne don karatu tun da daɗewa wasu kuma mutuwa suka yi aka kawo. Na 13 ɗin ka bashi aikin karanta takardu ya nemo muku abin da ya fi komai tsufa a ɗakin, zai gano da kansa cewa dutsen da ba wanda ya kalla ya girmi tukunyar nesa ba kusa ba.

A kan na roba da na gaske da ka tambaya, ƙarin bayani kan na Hajiya, wani lokacin na ƙirar ma shi ne abin kallon. A jami'ar Harvard ta Amurka akwai furannin gilashi sama da 4,000 da wani Bajamushe Leopold Blaschka da ɗansa Rudolf suka ƙera daga 1887 zuwa 1936, saboda busasshen fure da aka danne a takarda kalarsa da siffarsa suna tafiya, malamin tsirrai kuma yana son abin da zai nuna wa ɗalibai ko da sanyi ko da zafi. Ka nemi hotonsu a intanet ka nuna wa yaran kafin ku tafi, ba za su yarda gilashi ba ne.

Awa ɗaya ta isa. In sun fara jingina da gilashi ku fito.

Mai_Bin_Diddigi

Ni ɓangaren al'adun zan ɗan taɓa tunda kowa ya tafi wajen dabbobi. Malam fasassun tukwanen da tsummokaran da ka wuce da sauri ɗin nan, a irinsu ake tsintar abin mamaki. A gidan Petrie na jami'ar UCL, wanda kayan tsohuwar Masar ne a ciki sama da 80,000 a cunkushe a 'yan ɗakuna, akwai wata riga ta lilin da aka tono a Tarkhan kudu da Alƙahira a 1913, aka haɗa ta da tarin tsumma ba wanda ya san mece ce har 1977 da masu gyaran tufafi suka zo warware tarin. Da aka auna shekarunta ta haura 5,000, ita ce saƙaƙƙiyar riga mafi tsufa da aka sani. Shekara 64 tana kwance a matsayin tsumma.

Amma tambayar da nake so ka koya wa babban yaron ita ce, ya aka yi abin nan ya zo nan? Saye aka yi, kyauta ce, tono ne da izini, ko ƙwace? Ba rashin kunya ba ce, masu aikin na gaske suna son a yi musu ita. Jami'o'i da dama suna riƙe da kayan da aka kwaso zamanin mulkin mallaka, kuma wasunsu sun riga manyan gidajen tarihi mayarwa, a watan Oktoba na 2021 kwalejin Jesus ta Cambridge ta miƙa zakaran tagulla na masarautar Benin da sojojin Biritaniya suka kwashe a 1897, a cikin wancan satin dai jami'ar Aberdeen ma ta miƙa kan tagulla na wani Oba, wato sarkin Benin. Gidan Pitt Rivers na Oxford kuma a 2020 ya sauke sassan jikin mutane daga inda ake kallo. Shi wannan gidan tun kafa shi a 1884 tsarinsa daban ne, ba ƙasa-ƙasa ake jera kaya ba, iri-iri ne, fitilu na ko'ina a akwati ɗaya, makullai a ɗaya, kayan kiɗa a ɗaya, don ka ga yadda mutane daban-daban suka warware matsala iri ɗaya. Ka duba naku ka ga wane tsari suka bi, in ma babu tsarin ka tambaya dalili, akwai labari a nan ma.

Kawun_Yara

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto. Na bi shawarar Ba_Sani_Ba_Sabo na fara komawa ni kaɗai, na tambayi Baba dattijon lambar jikin wata mujiya, wallahi bai ko buɗe rajista ba ya fara bayani, ashe shekararsa 26 a wajen kuma shi yake ƙara sifirit a kwalaben da hannunsa. Sai dai maganarka ta fito a wani ɓangaren, ya nuna min wani kabad da rufin sama ya yi yoyo a kansa, takardun busassun tsirrai sun yi baƙi da fumfuna, yace ya rubuta takarda ya fi a ƙirga.

Jiya muka je da yaran. Na yi niyyar awa ɗaya kaman yadda Malama tace amma sai da muka yi kusan biyu. Ƙaramin da nake tsoron zai firgita shi ne ya manne a wajen macizai yana tambayar ko suna jin sanyi a ciki. Ta tsakiyar ta zana tafireta, Baba ya bari ta danna harafi ɗaya har yanzu ana jin labari. Babban ya yi tambayar Mai_Bin_Diddigi a kan wani abin rufe fuska na katako, Baba ya buɗe rajista aka ga an rubuta kyauta daga wani malami a 1968 amma ba a rubuta inda shi malamin ya samo ba, yaron yace toh ai ba a amsa ba kenan, Baba yayi dariya yace shima abin yana damunsa. Daga ƙarshe ya jawo mana wata durowa daga sito, ƙwaro ne zalla masu sheƙi kore da shuɗi kaman an shafa musu fenti, kowanne da 'yar takardarsa ƙasa da farce.

Tambaya ɗaya ta rage Hajiya Tsohuwar_Ɗaliba, yaran sun tsinci wani mataccen babban ƙwaro a hanya sun ce sai sun kai wa Baba. Ana karɓa kuwa ko in lallaɓa in zubar?

Tsohuwar_Ɗaliba

Kar ka zubar Malam. Ka sa shi a ƙaramin mazubi mai murfi da ɗan tishu a ƙasa, ka jefa a firiza ya yi kaman sati, haka ake kashe ƙananan ƙwarin da ke cin irin waɗannan kayan kar ku kai masa ɓarna cikin durowarsa. Sannan yaran su rubuta da fensir a 'yar takarda inda suka tsince shi da kwanan wata da sunan wanda ya fara gani. Ƙila ya karɓa ƙila yace yana da irinsa goma, amma ko bai karɓa ba zai gaya musu sunansa. Ku dai kira shi kafin ku je.